Ga ƙannenmu da suka sauka Yamai da shirin zana LSAT

Masauki ba zai ba ku wuya ba. Daga Bukoki har Wadata ba a rasa Bahaushen da zai ce "bismilla, ga tabarma", kuma da wannan muke taƙama. Lissafin kuɗi ma ɗan lokaci ne: dala sefa biyar ce, jaka sefa dubu. Takardunku dai ku riƙe su cikakku, tunda Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025.

Inda kuke ba ni haushi shi ne shirin LSAT, jarrabawar da makarantun koyon aikin lauya na Amurka da Kanada ke nema. Makinta daga 120 ne zuwa 180. Tun Agustan 2024, cikin sassa uku da ake ba wa maki, biyu na tantance hujja ne. Kowanne minti 35, tambayoyi wajen 25. Ko minti ɗaya da rabi ba ka da shi a kan tambaya guda.

Ku kuwa kun taho da halin gardamar fada, inda ake shan shayi, wanda ya fi ɗaga murya shi ke da gaskiya. Jarrabawar ba ruwanta da ko maganar gaskiya ce. Abin da take tambaya shi ne: dalilin da aka kawo ya isa ya ɗauki hukuncin da aka ɗora masa?

Wani yaro ɗan Katsina da ke zuwa karatu wurinmu a Harobanda na jefa wa wannan: "Ba mai tsallake iyaka sai da katin allurar shawara. Musa yana da kati. Saboda haka zai tsallake." Sai ya ce mini, "Yaya, ai ni da na wuce Birnin Konni ba wanda ya tambaye ni kati." Wa ya tambaye ka labarin tafiyarka? Abin da aka shimfiɗa, karɓarsa ake yi yadda ya zo. Ɓarakar tana wani wuri: kati sharaɗi ne da dole a cika, amma shi kaɗai bai wadatar ba. Musa na iya zama ba shi da fasfo. Wannan tarkon yana yawan dawowa, kaya kawai yake sakewa.

Na biyunsa: unguwar da ta fi kantunan magani ta fi marasa lafiya, wai don haka kantunan ke kawo ciwo. Haɗuwar abu biyu ba ta nuna ɗaya ya haifi ɗaya. Wataƙila ciwon ne ya jawo kantunan, ko yawan jama'a ya jawo duka biyun. Sauran ba su kai waɗannan wuya ba: sukar mai magana a bar maganarsa, ko jin bakin mutum goma a kasuwar Katako a ce ra'ayin Yamai ke nan.

Ku fara nemo hukuncin, sannan dalilinsa, ku faɗi ɓarakar da bakinku kafin ku duba amsoshi biyar ɗin. Kuma kada ku bar tambaya ba amsa, don ba a rage maki a kan kuskure.