Faifai ya ce ya cika, ka goge kaya bai ragu ba: kurakuran da aka fi yi

Kwamfuta ba ta auna sararin da ya rage a faifai a duk lokacin da aka tambaye ta. Wani lissafi take dubawa, wanda tsarin fayiloli yake ajiye wa kansa: wane gurbi ne a kame, wanne ne fanko. Kamar littafin mai kula da sito ne. Idan aka fitar da kaya ba a soke su a littafi ba, duk wanda ya zo da sabon kaya za a ce masa babu wuri, ko da ɗakin wayam yake. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu, fizge filash ba a sallame shi ba, ko faifan da ya fara mutuwa, kowanne yana iya barin lissafin nan a karkace.

Abin da kusan kowa yake fara yi shi ne goge-goge. A share bidiyo, a share hotuna, a cire manhajoji, a duba a ga adadin bai motsa ba, sai a ƙara gogewa. Wannan asara biyu ce. Kayanka sun tafi a banza, kuma kowace gogewa rubutu ce a kan tsarin da ya riga ya lalace, tana iya ƙara dagula shi. Da zarar ka goge abu mai girma, ka zubar da kwandon shara, amma sarari bai dawo ba, ka dakata. Kwatanta lissafi biyu. A Linux, umarnin df -h yana faɗin abin da tsarin ya rubuta, du -shx kuma yana ƙirga fayilolin da ake iya gani ɗaya bayan ɗaya. Idan tazarar da ke tsakaninsu babba ce, to akwai abin bincike.

Sai dai tazarar kaɗai ba hujjar lalacewa ba ce, kuma nan masu ɗan sani suke zamewa. Akwai dalilai da dama da ke sa lafiyayyen faifai ya ce ya cika. Fayil ɗin da aka goge alhali wata manhaja tana riƙe da shi yana ci gaba da cin wurinsa har sai manhajar ta sake shi. Umarnin lsof +L1 zai nuna maka shi, sake tayar da manhajar kuma ya isa magani. A ext4, wani tsarin fayiloli na Linux, kowane fayil yana bukatar katin shaidarsa da ake kira inode, kuma adadinsu ƙayyadadde ne tun ranar da aka tsara faifan. Miliyoyin ƙananan fayiloli suna iya cinye su kaf alhali rabin faifan fanko ne, df -i ne ke tona wannan. Haka nan ext4 yana keɓe kashi 5 cikin 100 ga mai gudanar da tsarin. Windows da Mac da tsarin fayiloli na Btrfs suna ajiye kwafin yadda faifai yake a baya, su ma suna cin wuri a ɓoye. Filash mai tsarin fayiloli na FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, komai yawan sararinsa.

Lalacewa ta gaskiya tana da alamunta. Sunayen fayiloli su rikiɗe su koma alamomin da ba sa karantuwa, ƙaramar takarda ta nuna girman da ya fi faifan kansa, folda ta ƙi buɗuwa ko ta ƙi goguwa, ko tsarin ya mayar da faifan na karatu kawai. A Linux, umarnin dmesg zai nuna layuka masu EXT4-fs error ko I/O error.

Idan ka tabbatar, kada hannunka ya yi saurin kaiwa ga gyara. A ganina wannan ne kuskure mafi tsada. Manhajojin gyara irin su fsck na Linux da chkdsk na Windows ba don ceton kayanka aka yi su ba, aikinsu shi ne daidaita lissafi, kuma idan daidaitawar ta bukaci yanke wani fayil za su yanke shi. Fara kwashe abin da ba za ka iya rasawa ba zuwa wani faifan. Sannan ka duba lafiyar na'urar da smartctl -a ko CrystalDiskInfo. Idan ka ga adadin guraben da aka sauya saboda sun lalace ko masu jiran sauyawa yana hawa, faifan ne da kansa yake ciwo. A wannan hali chkdsk /r, wanda ke bin kowane gurbi na tsawon sa'o'i, yana iya ƙarasa shi. Ɗauki cikakken kwafinsa da ddrescue, ka yi gyaran a kan kwafin.

Kuskure na gaba shi ne gyara faifai yana kan aiki. Gudanar da fsck a kan ɓangaren faifan da kwamfuta take amfani da shi yana iya mayar da ƙaramar matsala babba, domin hannu biyu ne ke rubutu a wuri ɗaya, kowanne bai san da ɗayan ba. Sauke shi da umount, idan kuma shi ne ɓangaren da Linux ɗin kansa yake zaune a kai, tayar da kwamfutar daga filash mai Linux. Idan ext4 ne, fara da e2fsck -fn, wanda ke dubawa ba ya taɓa komai, ka karanta abin da ya ce. Idan ƙorafinsa bai wuce kuskuren adadin gurabe da taswirarsu ba, gyaran mai sauƙi ne. Idan kuwa ya jero ɗaruruwan inode da suka lalace, kada ka ba shi -y ya amsa wa kansa komai kafin ka mallaki kwafi. A Windows, chkdsk C: /f zai nemi ka bari sai an sake kunnawa, ka yarda, kuma kada ka kashe na'urar yana tsakiyar aiki.

Kowane tsarin fayiloli da makaminsa. fsck ba ya gyara XFS, sai xfs_repair, kuma zaɓinsa na -L yana zubar da rubutun da bai kammala ba, don haka shi ne matakin ƙarshe. Masu Btrfs su kansu suna gargaɗi a kan btrfs check --repair ba tare da shawarar masani ba.

Wani lokaci a gama gyara sarari bai dawo ba, sai a ce aikin bai yi ba. Ya yi. Guntayen da aka tsinto ba su da suna ana tara su ne a lost+found a Linux, ko a ɓoyayyar folda FOUND.000 a Windows. Buɗe su ka duba, wataƙila takardar da kake nema tana ciki, sannan ka goge sauran.

Idan matsalar ta dawo bayan mako biyu, mai yiwuwa ba tsarin fayiloli ne tushenta ba, kuma idan haka ne sake tsara faifan ba zai hana ta ba. Canja kebul, gwada memorin kwamfutar da Memtest86+, ka duba ko wuta tana yankewa ana aiki. Idan filash ne ko katin memori, gwada shi da H2testw ko f3. Akwai na jabu da aka shirya su faɗi girman da ba su da shi. Da zarar rubutu ya wuce ainihin iyakarsu sai kaya su fara lalacewa, kuma irin wannan babu umarnin da ke gyara shi sai dai a sauya.