Jinyar wasa da ta doki ga matashin da damuwa ta kama: ta ina za a fara a Zariya

Ni malamar ba da shawara ce a wata sakandare da ke Tudun Wada, kuma maganar da na fi ji daga bakin iyaye ita ce: "Malama, yaron nan ya canza, ya daina kula kowa." Wata 'yarta ce ta ƙule a ɗaki, ba ci ba barcin kirki, wani ɗansa ne abu kaɗan sai faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da larurar ƙwaƙwalwa. Yanzu kuma iyaye sun fara tambayata game da jinya ta hanyar wasa da wadda ake yi da doki, don sun gani a intanet. Amsata ɗaya ce: ku nemi ƙwararre tukuna, doki ya biyo baya.

Ku fara da likita. Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen ƙwaƙwalwa, a Kaduna kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Kafin ku tafi, ku rubuta tun yaushe abin ya fara, yadda barci da cin abinci suke, ko karatu ya ja baya, ko an yi rasuwa ko rabuwar aure a gidan, ko kuna zargin shan ƙwaya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su. In kuwa yaro ya ambaci kashe kansa ko yana ji wa jikinsa ciwo, ranar za a kai shi, ba gobe ba.

Bayan likita ya duba shi, ku nemi a haɗa ku da masanin halayyar ɗan Adam na asibitin, ku tambaye shi ko yana aiki da wasa. Asalin wannan hanya don ƙananan yara aka tsara ta, daga shekara 3 zuwa 12. Ɗan shekara 15 da aka ajiye wa 'yar tsana zai ga an raina shi, ba zai koma ba. Da matashi ana amfani da zane, ko faranti cike da yashi da zai jera ƙananan siffofi a kai, ko dara, ko ludo. Hannu na aiki, ido ba ya cikin ido, sai ka ji bakin da ya yi nauyi ya buɗe. Yawanci zama ɗaya ake yi a mako, bai kai awa guda ba. Ku tambayi mai jinyar inda ya samu horo, ko ya saba da matasa, da abin da zai riƙa gaya muku. Ina roƙonku, in yaron ya fito kada ku tsare shi da "me ka faɗa masa?" Da zarar ya gane ana kai rahotonsa gida, ya rufe baki ke nan.

Doki kam ba ya wuyar samu a Zazzau. Duk wanda ya ga Hawan Sallah da Hawan Daushe ya san barga nawa ke cikin birni, ga kuma 'yan folo. Amma hawa daban, jinya daban. A tsarin EAGALA, wata ƙungiyar masu jinya da doki da aka kafa a Amurka a 1999, ba a hawa dokin ma sam. A ƙasa ake komai, kuma dole mutum biyu su tsaya: ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa da wanda ya san doki. Yaro zai goge jikin dokin, ya ba shi harawa, ya ja shi da ragama. Doki dabba ce mai saurin tsarguwa: ka zo masa da fushi ya ja baya, ka natsu ya matso. Daga nan mai jinya yake samun abin da zai tattauna da yaron. Binciken da aka yi kan amfaninsa bai yi ƙarfi ba tukuna, don haka kada a ajiye maganin likita saboda doki, kada kuma ku yarda da mai cewa zai warkar da ɗanku cikin makonni kaza.

In mai jinyar ya amince zai riƙa zuwa barga, sai ku nemi doki mai sanyin hali, godiya ko dandaƙaƙƙe da ya manyanta, ba ingarman da ake sukuwa da shi ba. Likitan dabbobi ya duba lafiyarsa. Akwai asibitinsu na ABU a Samaru. A yi wa yaron allurar tetanus, ya sa rufaffen takalmi, a nuna masa ba a tsayawa bayan doki. Yarinya ta je da uwa ko yayarta. Ku san su wa ke zama a bargar, don ba kowace majalisa ce ta dace da yaron da zuciyarsa ke da rauni ba. Wanda ya ce yana tsoron doki, a ƙyale shi.

Ku riƙa komawa wurin likita a ranar da ya ba ku, ku gaya masa ko barci ya daidaita, ko yaron ya koma makaranta, ko ya fara zama cin abinci tare da 'yan'uwansa. In an ɗau lokaci ba a ga sauyi ba, ku nemi ya sake tsarin.