Mai farfaɗiya a Ingila: ku sa ido a hannun da aka yi wa ƙarin ruwa

Rajista da likitan unguwa, wato GP, kyauta ce, ku yi ta a makon farko da zuwanku Ingila. Mai farfaɗiya ya taho da takardun asibiti da kwalin maganinsa, ya nemi katin yafe kuɗin magani. Kuma don Allah a daina ɓoye ciwon ana cewa iskokai ne, na gaji da jin wannan daga bakin masu digiri biyu.

Inda na ci tuwon wahala shi ne asibiti. Innata ta faɗi, jijjiga ta ƙi tsayawa, muka kira 999, lambar neman agajin gaggawa. Aka sa mata phenytoin, maganin tsayar da farfaɗiya, ta jijiyar bayan hannu. Da ta farfaɗo ta ce, "Hannun nan yana ƙuna." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, sun san aikinsu." Kunyar damun ma'aikata ta hana ni magana. Kafin asuba hannun ya kumbura suntum har wuyan hannu.

Likitoci suna kiran abin purple glove syndrome, don hannun kan yi shunayya kamar an sa safar hannu. Ba kasafai yake faruwa ba. Ruwan maganin ne ke da kaifi kamar kanwa, yana ƙona jijiya da naman da ke kewaye, shi ya sa ba a tura wa babba fiye da miligiram 50 a minti ɗaya. Tsofaffi da waɗanda aka sa wa allurar a ƙaramar jijiya sun fi shiga haɗari, kuma alamun kan fara cikin awa 2 zuwa 12. In ya tsananta jini ya daina zagayawa, sai an tsaga hannun, wani ma a yanke shi.

Sai dai shunayyar nan ba ta fitowa sosai a fatarmu. Mai jinyar dare ta leƙa, ba ta ga wani launi ba. Ku haɗa hannayen biyu ku gwada, ku duba tafi da farce, ku taɓa ku ji ko ya yi sanyi. Ku danna ƙararrawa, ku ce purple glove syndrome, in Turanci ya gagara ku nemi tafinta.

An cire allurar, aka ɗaga hannun bisa matashi, aka sauya mata zuwa wani maganin farfaɗiyar, levetiracetam. Matan jama'armu, Allah ya saka musu, suka yi ta karɓa-karɓar kawo kunu da tuwo. Sai da Inna ta yi mako uku kafin ta iya jan carbi da hannun.