Yadda za ka yi hutu a Abha da kudancin Saudiyya

'Yan uwa mazauna Jidda da Makka, in zafin Yuli ya ishe ku ku nufi kudu, yankin Asir. Abha, babban birnin yankin, tana kan dutse sama da mita 2,000, da daddare sai ka nemi rigar sanyi wallahi.

Jirgi daga Jidda awa ɗaya da ɗan wani abu ne, amma ni na fi son mota ta hanyar Ta'if da Baha, sai dai a duba birki sosai kafin a tashi don hanyar duk kwana-kwana ce kuma hazo yana sauka ba sallama, kar a yi tuƙin dare. Birai kuma suna tare bakin titi, kar yara su miƙa musu abinci ta taga.

Masauki ka kama tun da wuri, lokacin hutun makaranta kuɗin shaƙƙa, wato ɗakunan haya, tashi yake. In Abha ta yi tsada koma Khamis Mushait, kusa suke. Mai ɗa ko ƙani da ke son karatu ya leƙa Jami'ar Sarki Khalid, 1998 aka kafa ta.

Kasuwar Talata ta Abha kuwa kar ta wuce ka, akwai zuma da turare da kayan mata, a yi ciniki da kyau. Ka ware yini guda don ƙauyen Rijal Alma, gidajen dutse masu hawa-hawa, ka ci hanis, wato gasasshen naman yankin, a hanya. Jazan kam, garin da ke bakin teku a kudu, ku bari sai lokacin sanyi, zafinta ya fi na Jidda.