Yadda ake gano abin da ya kwantar da tayar gaba a tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser

Duk wanda ke bin hanyoyin yashi tsakanin Gumel da Maigatari da Babura ya san amfanin tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu. Land Rover Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, da Land Cruiser samfurin 40, wadda Toyota ta yi a Japan daga 1960 zuwa 1984, motoci ne masu haƙuri. Amma ƙorafin masu su kusan ɗaya ne: tayar gaba tana cin gefe guda. Mutum ya kai ta Kano wajen masu alaimen, wato masu saita tayoyi, ya biya, ya sa sabuwar taya, kafin damina ta fita ita ma ta cinye.

Abin da makanikai ke kira kamba shi ne karkatar taya idan ka tsaya gaban mota kana kallonta: ko samanta ya buɗe waje, ko ya kwanta ciki. A waɗannan motocin tayoyin gaba biyu suna kan aksul guda ne, ƙarfe ɗaya daga hagu zuwa dama, kuma babu wani noti da ake juyawa a saita kamba. Tun daga kamfani aka gina ta a jikin ƙarfen: digiri ɗaya da rabi a Land Rover Series, digiri ɗaya a Land Cruiser 40, saman taya ya ɗan buɗe waje. Saboda haka idan ta sauya, wani abu ne ya cinye ko ya lanƙwashe. Shi za ka nema.

Fara da tafin hannunka. Shafa fuskar tayar daga ciki zuwa waje, ka dawo. Idan gefe ɗaya ya cinye sumul, kamba ce: cin ciki na nufin taya ta kwanta ciki, cin waje na nufin ta buɗe da yawa. Idan kuwa ka ji kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto, ta wani ɓangaren hannu ya wuce, ta wani ya sarƙe, to bakin tayoyin ne ya tsuke ko ya buɗe, wannan kuma aikin tayarod ne, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba biyu su juya tare. Mutane da yawa a nan suke ɓata kuɗinsu. Kafin ka ci gaba, je wurin mai faci a daidaita iskar tayoyin biyu.

Sai awo. Kada ka auna a kan yashi, ƙarya zai yi maka. Nemi daɓen siminti mai lebur, irin na gidan mai, ka sauke kaya, ka miƙar da sitiyari. Ɗaura noti mai nauyi a bakin zare, ka rataye shi a gefen tayar ta yadda zai ratsa tsakiyarta ba tare da ya taɓa roba ba. Idan ya daina lilo, auna da tef daga zaren zuwa leɓen rim na sama, sannan zuwa leɓen ƙasa. A rim mai inci 16, digiri ɗaya yana ba da bambancin milimita 7 zuwa 8. Ke nan a lafiyayyar Land Rover awon sama zai gaza na ƙasa da kamar milimita 11. Idan biyun sun zo daidai, ko na sama ya fi yawa, taya ta kwanta ciki.

Kada ka yarda da awo ɗaya. Tura motar gaba har taya ta yi rabin juyi, ka sake aunawa. In lissafin ya canza, rim ɗin ne ya lanƙwashe, ba aksul ba, ka huta da kuɗi kaɗan. Ka auna ɗaya gefen ma, domin mota takan ja ta nufi ɓangaren da tayarsa ta fi buɗewa waje.

Yanzu ɗaga ta. Sa dutse a bayan tayoyin baya, shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, sannan ka tokare aksul da kututture. Don Allah kada ka kusanci ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Kama tayar da hannu ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ka jijjiga ta da ƙarfi. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, ce wa yaronka ya hau ya danne birki, ka sake jijjigawa. In wasan ya ɓace, boris ɗin taya ne ya saki ko ya mutu. In yana nan, daga kinfin yake, wato ƙusoshin sama da ƙasa da taya ke juyawa a kansu idan an murza sitiyari.

A ganina nan ya kamata a fi zargi. Land Cruiser boris gare ta sama da ƙasa, ita kuwa Land Rover Series III bushin Railko ne a sama, wato wani zobe da ƙusar ke juyawa a cikinsa, boris a ƙasa, ana kuma ɗaure su da siraran fallayen ƙarfe da ake kira shim. Dubi ƙwallon ƙarfen da ke ƙarshen aksul. Idan ya yi tsatsa ko ramuka, ya riga ya cinye robar da ke tare mai, yashinmu ya shiga ya gauraya da giris, yana niƙa boris kullum. Sa sabon boris a kan irin wannan ƙwallon asara ce.

Wasu za su ce maka sifirin ne ya kwanta. Sifirin da ya gaji jikin mota yake karkatarwa. Tayoyin suna nan yadda aksul ya riƙe su.

To idan rim a miƙe yake, babu wasa ko kaɗan, amma zare ya nace taya ta kwanta fa? Saura ƙarfen da boris ke zama a kai, ko kwankwason aksul ɗin kansa, wanda lodin ranar kasuwa da faɗawa rami da gudu ke lanƙwasawa a hankali. Alamunsa: man aksul yana ta yoyo ko an canza roba, shaf, wato sandar da ke juya taya daga cikin aksul, kuma ba ya shiga sai da duka. Ban yarda a gasa shi da wutar walda a miƙe a bakin hanya ba, ƙarfen yakan yi rauni ko ya ƙara murɗewa. Gara ka nemi wani aksul a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ka tafi da dogon ƙarfe miƙaƙƙe ka gwada shi kafin ka biya.

Bayan an haɗa komai, sannan ne za a saita tayarod. A Series III tazarar gaban tayoyin za ta gaza ta bayansu da milimita 1.2 zuwa 2.4. Ka mayar da motar kan daɓen nan ka sake rataya zarenka kafin ka sayi sabuwar taya.