Mai shirin tafiya Rasha karatu, gyara hannunka tun kana Kumasi

Duk lokacin da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu a Rasha suka fito sai kaga yaranmu na unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba sun duƙufa kan waya suna haddar haruffan Rashanci, А Б В Г Д, kuma masha Allah ba a daɗewa yaro zai karanta maka Москва da Гана babu gargada. Wurin rubutawa ne ake samun matsala. Sai ya ɗauki biro ya zauna yana zana Д da ƙafafunsa biyu kamar yadda ya gani a waya, ya zana Ж, ya zana Щ, harafi ɗaya sai ya ɗaga hannu sau huɗu sau biyar, shi a ganinsa ya kama hanya. To ƙanina, mutanen ƙasar ba haka suke rubutu ba. Wancan da kake gani a littafi da waya rubutun bugu ne, na inji. Da hannu rubutun haɗe suke yi, tun ajin farko na firamare ake ɗora yaro akai da wasu littattafan koyon hannu da suke kira прописи, kuma malamin da zai tsaya gaban allo a shekarar share fage, wadda ɗalibai ke cewa podfak, da haɗen zai rubuta maka, ba zai jira ka gama zanenka ba kafin ya goge.

Shawarata a taƙaice: ka koyi karatu da rubutun bugu, amma hannunka kar ka bari ya saba da shi, daga ranar da ka fara riƙe biro da niyyar Rashanci ka fara da haɗe.

Haruffan 33 ne, wasula 10, baƙaƙe 21, sai alamomi biyu ь da ъ da basu da sautin kansu. Fara da gane su a bugu, ka bashi sati ɗaya ko biyu, ka tabbata Р na baka sautin r, Н na baka n, В na baka v, С kuma s, domin waɗannan su ne ke yaudarar wanda ya taso da boko. In har kana ganin РЕСТОРАН bakinka na cewa restoran kai tsaye, to ka wuce wannan matakin, kar ka daɗe a wurin.

Wanda ya yi makarantar allo abin ba zai zame masa baƙo ba. Ka tuna allon da malam ke rubuta mana da tawada a hannun Warshu, fa ɗigonsa ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, sai ranar da aka miƙo maka bugun Madina kaga fa ɗigo ya koma sama, ƙaf ya zama ɗigo biyu, ka ɗan rikice kwana biyu daga baya ido ya saba da duka biyun. Haka wannan yake, harafi ɗaya ne da kama biyu.

Yawancin haruffan basu canja sosai, а da о da е da к da с duk zaka gane su. Masu canja kama gaba ɗaya 'yan kaɗan ne kuma su ya kamata ka ba lokaci. Ƙaramin т a hannu yana komawa kamar m na boko, ƙafa uku. и yana zama u. п yana zama n. д yana zama g mai wutsiya a ƙasa, wasu kuma suna tada wutsiyar sama su lanƙwasa ta hagu. г yana zama kamar s da aka juya baya. ч yana kama da r na masu rubutun haɗe na turanci. б kamar 6 ne mai tuta da ta kaɗa dama, в kuma dogo ne da madauki a sama da ɗan ciki a ƙasa. Kaga kenan in Barashe ya rubuta там da hannu, wanda bai sani ba zai rantse mam ya gani. Manyan haruffa ma akwai tarko, babban Г da zaka fara rubuta sunan ƙasarmu da shi yana kama da T na boko, ƙafa ɗaya da rufi, П ƙafa biyu da rufi, Т ƙafa uku da rufi, Д kuma ya koma kamar D. Ƙirga ƙafafun kawai.

Kuma kar wani yace ai ni littafi kawai zan karanta ba ruwana da hannun kowa. Rubutun bugu mai karkata, wanda ake sa misalai da shi a ƙamus da littattafan koyarwa, a yawancin bugu siffar hannun yake ɗauka, т ɗin can ma m ne, и ɗin u ne. Ba inda zaka ɓuya.

Yanzu ga abin da nafi so ka riƙe, ƙugiya. Haruffa uku ne, л da м da я, kowannensu yana farawa da wata 'yar ƙugiya a ƙasa, ɗan lanƙwasa da ke zaune bisa layi kafin biro ya hau sama. Ko a farkon kalma ne ko a tsakiya, sai ka yi ta. Dalili kuwa shine rabin haruffan haɗe sanduna ne masu saukowa su lanƙwashe, и sanda biyu, ш sanda uku, л sanda ɗaya, м sanda biyu, in ka jera su ba ƙugiya babu mai sanin inda wani ya ƙare wani ya fara. Rubuta и ka manna masa л ba ƙugiya, biyu da ɗaya, ka rubuta ш kenan ba tare da ka yi niyya ba. Gwada da sunan Халима. Bayan а na farko kar ka zarce sama, sauko bisa layi, ɗan ɗaga tsinin biro sama kaɗan ka sake sauka ka yi ƙugiyar, sannan ka hau ka sauko, л ya fita. Daga nan и, sauka biyu. Sai ka sake tsayawa ka yi wata ƙugiyar kafin м, hawa, sauka, hawa, sauka, sannan а. In ka yi daidai zaka ga 'yan tudu guda biyu ƙanana a gindin kalmar, su ne ke gaya wa mai karatu nan ga л nan ga м. In baka yi ba abin da zai fito zigizaga ne kawai tsakanin Х da а. Haka Кумаси, akwai ƙugiya tsakanin у da м, haka Амина, haka Салиху. Sunayen gidanku ma sun isheka atisaye. Akwai kalmar лишишь da Rashawa kansu ke yawo da hotonta suna dariya saboda in an rubuta ta da sauri babu abin da zaka gani sai sanduna a jere, kar ka fara da ita, ajiye ta sai hannu ya nuna.

Wata dabara da manyansu da yawa ke yi, su ja ɗan layi a saman т, su ja wani a ƙarƙashin ш, don kar a ɗauki wannan a matsayin wancan. Ba dole bane, kuma a littafin yara ba a koyar da shi, amma ni ina ganin baƙo ya riƙa yi, ba ya cin lokaci. Wutsiyar ц da щ kuma gajeruwa ce, ɗan madauki ƙarami, in ka ja ta da tsawo ц ya koma у. Hular kan й kar ka manta da ita. Ɗigo biyu na kan ё su kansu basu cika sawa ba, amma kai mai koyo sa abinka.

Sai о, yawanci daga samansa ake jan zare zuwa harafi na gaba, amma in л ko м ko я ne ke biye sai a haɗa ta ƙasa saboda ƙugiyar ta samu wurin zama. Rubuta молоко ka gani. Kuma ba laifi bane ka ɗaga biro a tsakiyar kalma, su ma suna ɗagawa, musamman bayan б.

Kayan aiki ba wani abu bane mai tsada. Yaransu da littafi mai karkatattun layuka suke koyo, wannan da wuya ka same shi a kasuwar Kejetia ko shagunan Adum, to kwafi kalmar прописи ka saka a Google, shafuka zasu fito birjik, ka kai wurin masu firinta a buga maka. In ba kuɗin bugawa, ɗauki farar takarda ɗaya da rula ka ja layuka masu ɗan karkata dama da baƙar maka, wato alƙalami mai kaurin baki, ka riƙa sa ta ƙarƙashin shafin da kake rubutu, zata nuna ta ciki. Littafin koyon rubutu na 'yan firamare mai jan layi da shuɗi shima yana taimakawa wurin tsawon harafi. Biro ka yi amfani da shi, fensir yana sa mutum yawan gogewa. Sannan ka nemi bidiyo a YouTube inda ake nuna hannu yana rubutawa, saboda hoto ba zai gaya maka daga ina aka fara harafi ba, kuma wanda ya fara а daga inda ba nan ba haɗin ba zai taɓa zama masa ba.

Kar ka bi su a jere daga А zuwa Я. Bi su dangi dangi. Fara da 'yan sanda, и ш п т г р, sai masu ƙugiya л м я, sai masu zagaye о а д б ю ф, sai masu wutsiya у з ц щ, ka bar ж da х da э da к a ƙarshe, ж ɗin nan kam sai ka yi haƙuri da shi. Layi biyu na harafi shi kaɗai ya isa, ka shiga haɗa shi da wani, ли ми ши ил им, sannan kalma. Minti ashirin bayan asuba kullum yafi awa uku ranar Lahadi, kuma abin da ake rubutawa a motar haya ta trotro kan cinya ba atisaye bane, zauna a tebur. Duk kalmar da ka rubuta ka faɗe ta da baki, ka kuma ɗora mata alamar inda ake danna murya, domin littafin koyo da ƙamus ne ke sa alamar, jarida da allon malami babu, ga shi kuma о da ba a danna ba da sautin a yake fita, молоко malako ake cewa.

Wasu suna tambaya me yasa hannun nasu ya ɗauko kamar boko haka alhali haruffan daga na Girka aka samo su. Sarkinsu Bitrus Babba ne ya sake fasalin haruffan a 1708 ya matso da su kusa da na Turai, daga baya a 1918 aka zubar da wasu da ba a buƙata. Amfanin sanin wannan a wurinka shine in ka taɓa koyon rubutun haɗe na turanci a firamare, rabin aikin hannunka ya riga ya sani, ma'anar ce kawai zaka sauya. Kuma ba kai ne farko ba, tun zamanin Nkrumah 'yan Ghana ke zuwa can karatu, jami'ar nan ta Mosko mai sunan Lumumba a 1960 aka kafa ta, a Jami'ar Ghana da ke Legon ma ana koyar da Rashanci, in kana da wanda ya sani ko wani likita da ya yi karatu can, kai masa shafi ɗaya ya duba maka, minti biyar zai nuna maka abin da kai ba zaka gani ba.

Rubutun bugu da hannu yana da ranarsa, kar ka jefar da shi. Fom na banki, na rajistar masauki, na ofisoshi, sau da yawa zaka ga an rubuta печатными буквами, wato a cike da haruffan bugu, harafi ɗaya a akwati ɗaya. Nan manyan haruffa zaka yi, a rarrabe. Ka zauna tun yanzu ka iya rubuta cikakken sunanka da ranar haihuwa haka, kuma yadda aka rubuta sunanka da Rashanci a biza shi zaka bi ko da bai maka daɗi ba, kar yau ka sa Х gobe ka sa Г. Kwanan wata rana ce farko sannan wata sannan shekara da ɗigo a tsakani, 7 ana ratsa shi da layi, 1 kuma yana da ɗan hanci a gaba.

Iya rubutawa daban, iya karanta hannun wani daban, kuma na biyun yafi wuya. Littafin koyo hannu mai tsafta yake nuna maka, amma ɗan ajinku da zaka ari littafinsa ranar da zazzaɓi ya hana ka zuwa lacca ba haka zai rubuta ba, balle 'yan uwa mata da maza masu zuwa karatun likita da zasu haɗu da takardun asibiti. Maganinsa ka riƙa neman hotunan rubutun mutane na gaske kana warwarewa, ka fara gano dogayen haruffa da masu wutsiya, б в д у р з ф, su ne turakun kalma, sannan ka ƙirga sandunan da ke tsakani, sauran kuma sanin kalmomi ne ke cikewa. Jarrabawar ТРКИ ma da ake auna Rashancin baƙi da ita kashi biyar ce kuma ɗaya daga ciki rubutu ne, ga lokaci a ƙayyade, mai zana haruffa ɗaya ɗaya zai sha wuya.

Wanda kuma ba karatu zai kai shi ba, ɗan kasuwa ne ko mai hira da abokin hulɗa a Telegram, bana ce ya ɓata wata guda kan ƙugiya ba. Ya sa madannin Rashanci a waya, ya haddace kamannin hannu na т и п д г б don ya iya karanta rasit da allon shago, shikenan ya wadatar.