Darasi na 9: Gyambon Bayan Kofaton Shanu

Idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta da ake marka, garke yakan zama caɓi. Shanu su wuni su kwana tsaye cikin taɓo da kashi da fitsari. A lokacin ne za ka ga saniya ta fara ɗingishi, tana taka ƙasa da bakin kofato kawai, dunduniya a sama, kamar mai bi ta kan garwashi.

Kafin ka taɓa aljihu, duba ƙafar tukuna. Ka ɗaure saniyar a turke, ka nemi mutum biyu su taya ka riƙewa, ka wanke ƙafar da ruwa da sabulu. Galibi ƙafar baya ce. Can baya, inda fata ta haɗu da kofato, za ka tarar da gyambo ja, zagayayye, faɗinsa kamar murfin kwalbar lemo ko ya fi. Fuskarsa gurji-gurji ce, gashin gefensa ya yi tsawo ya mimmiƙe, ga wari. Ka yi hattara, don da ka taɓa wurin za ta yi harbi.

Wasu likitocin dabbobi biyu a Italiya, Cheli da Mortellaro, su suka fara bayyana wannan ciwo a 1974. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana zaune a cikin gyambon, tana bin danshin kashi daga ƙafa zuwa ƙafa. Ya fi damun shanun madara da ake tsarewa wuri guda, saboda haka mai turka da mai tatsa a gida su suka fi buƙatar wannan darasi.

Me ya sa ba allura ba?

Da yawanmu da mun ga ɗingishi sai mu nufi kasuwa neman allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ni dai ina ganin asarar kuɗi ce. Ciwon a fata yake, maganin da aka ɗora a kansa ya fi kai masa. Sannan maganin allura yana fita ta nono. Yara su sha shi ba da saninsu ba, kindirmo ya ƙi kwanciya, uwargida ta rasa dalili. Yawan yin allurar kuma yana sa ƙwayoyin cuta su saba da ita, ranar da ake buƙatarta da gaske ta ƙi ci.

Yadda za ka yi

Bayan wanki, ka tsane wurin da tsumma mai tsabta har ya bushe sarai. Ka nemi garin salisilik a shagon magungunan dabbobi. Fari ne, dangin asfirin, amma ba asfirin ba ne, kada ka ce za ka daka ƙwaya ka zuba. Ka ɗebi cokali ɗaya, ka zuba a kan auduga, ka manna a gyambon, ka naɗe da bandeji. Kada ka tamke: yatsanka ya iya shiga ƙarƙashin ɗaurin.

Bayan kwana 3 ka kwance. A nan mutane suke kuskure. Bandejin da aka manta yakan jiƙe da kashi, ya ci fata, ya fi gyambon ɓarna. Idan ka ga wurin ya yi baƙin ɓawo, saniya tana taka ƙafar sosai, to magani ya kama. Idan har yanzu ja ne, ka maimaita.

Sauran shanun kuma wankan ƙafa za a riƙa yi musu da kofa salfet, wani gari shuɗi mai kama da gishiri. Kilo 1 a cikin lita 20 na ruwa. A zuba a kwarami mai siminti, zurfin ruwan ya rufe kofato, kamar santimita 10, shanu su ratsa ta ciki sau biyu ko uku a mako. Wannan rigakafi ne, ba ya maye gurbin ɗaurin. Kada tumaki su sha ruwan, yana kashe su, kada kuma a zubar da shi kusa da rijiya ko rafi.

Duk wannan aikin banza ne idan saniya ta koma cikin caɓi. A kwashe kashi kullum, a yi wa ruwa hanya, a matsar da turke zuwa tudu.

Akwai inda hannunka bai isa ba. Idan ƙafar ta kumbura har kofato biyun suka buɗe, jikin saniya ya yi zafi, ta daina cin abinci, wannan ruɓar ƙafa ce da ta shiga ciki, kuma ita allura take buƙata daga hannun likitan dabbobi. Idan kuma shanu da yawa suka kama ɗingishi lokaci guda, ga dalala, ga ƙuraje a baki, ciwon baki da kofato ne. Ka ware su, ka kai rahoto ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku.

Aikin gida

Kwaraminka yana cin lita 60. Kilo nawa na kofa salfet za ka saya? Rubuta amsar, ka kuma rubuta ranar da za ka kwance bandejin da ka ɗaura ranar Litinin.